Saita Obalod a Injin Casar Shinkafa: Yadda Na Ga Aikin Wani Injiniya a Katsina

Ina da ƙaramin wurin casar shinkafa a kan hanyar Dutsinma, kaɗan bayan an fita daga cikin garin Katsina, kuma moto uku, wato na'urorin lantarki masu juya injin, su ne ke riƙe da sana'ar. Babban cikinsu, mai kilowat 15, wanda 'yan kasuwa ke kira mai doki 20, ya ƙone mini har sau biyu a cikin wata goma sha ɗaya. Duk wanda ya taɓa shaƙar ƙaurin koyil, wato wayar da aka naɗe a cikin moto, idan ya ƙone ba ya bukatar a faɗa masa abin da ya faru, domin tun daga bakin ƙofa hanci zai ba shi labari, kuma ya san cewa abin da ya rage shi ne a nemo a-kori-kura a ɗauki moto zuwa wurin masu naɗi, a yi kwanaki ana ba masu shanshera haƙuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikin akwatin wutar akwai obalod, na'urar da aka ce aikinta ke nan ta katse wuta kafin moto ya ƙone, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa motsawa ba. Mai naɗin koyil ɗin da kansa, wanda ƙonewar motona riba ce a gare shi, shi ne ya ji tausayina a karo na biyu ya haɗa ni da wani injiniyan lantarki mai shago a wajejen Ƙofar Ƙaura. Aikin wannan mutum nake son in bayyana wa masu injinan niƙa da na casa, da abin da na yaba da kuma abin da ban ji daɗinsa ba.

Ya zo da yaran shagonsa biyu da jakar kayan aiki, ni kuwa na riga na buɗe masa akwatin wuta ina jira. Bai ko kalli akwatin ba. Tsumma da ɗan kananzir ya nema, ya durƙusa a gefen moton ya shiga goge wani ɗan farantin ƙarfe da ke manne a jikinsa, wanda dusa da baƙin mai suka lulluɓe har na manta da akwai shi. Da rubutun ya fito sai ya haska da fitilar wayarsa, ya karanta da ƙarfi yaronsa yana rubutawa: bolt 400, amfiya 29, wato yawan wutar da yake ja, juyi 1460 a minti ɗaya. Ya ɗago ya ce mini, "Alhaji, wannan farantin shi ne takardar haihuwar moto. Duk wanda ya taɓa obalod bai karanta shi ba, canki-canka ya yi maka."

Sai bayan nan ya koma kan akwatin. A ciki akwai kwantakta uku, wato makunnan da ke haɗa wa moto wuta, da agogon ƙidayar daƙiƙa, wato tsarin da ake kira sita-dalta, wanda ke tayar da babban moto a hankali domin kada ya fizgi wuta da yawa a tashin farko. Obalod ɗin yana rataye a ƙarƙashin babbar kwantakta, kuma an murɗa ɗan maɓallinsa mai lambobi har ƙarshe, a kan 32. Ya tambaye ni wanda ya saita shi, na ce wanda ya haɗa akwatin ne tun farko, kuma hujjarsa ita ce tunda moto na cin 29, gara a ƙara masa kaɗan domin kada ya riƙa tsayawa ana tsakiyar aiki. Injiniyan ya yi murmushi irin na wanda ya saba jin wannan magana, sannan ya ɗauki biro ya zana mini abin a bayan wani kwalin siminti.

Bayaninsa shi ne, a tsarin sita-dalta wayoyi shida ne ke tafiya zuwa moto, ba uku ba, saboda haka idan obalod yana ƙarƙashin babbar kwantakta, wutar da ke ratsa shi ba dukkan wutar layi ba ce, kashi 58 cikin 100 ne kawai nata. Ke nan moton da farantinsa ya ce amfiya 29, abin da ya kamata a sa wa obalod ɗinsa a wannan gurbi shi ne 29 sau 0.58, wanda ya kama kusan 17. Nawa kuwa yana kan 32, ma'ana sai moto ya ja amfiya 55 ko fiye daga layi kafin na'urar ta fara tunanin akwai matsala, alhali tun kafin a kai nan koyil ya riga ya dahu. Na tsaya ina kallon lambobin nan guda biyu, 17 da 32, ina lissafa kuɗin naɗi biyu da na biya da buhunan da suka koma wurin maƙwabta. Ashe shekara da shekaru ina da mai gadi a ƙofa, amma an ce masa kada ya farka sai gida ya gama cinyewa. Ya ƙara da cewa da a ce obalod ɗin yana can sama a kan babban layi, kafin wayoyi su rabu, to 29 ɗin ce za a sa masa daidai, don haka tambayar farko a kowane akwati ita ce a wane gurbi na'urar take zaune.

Tsohon obalod ɗin daga 23 ya fara zuwa 32, ba zai iya sauka 17 ba, dole aka sayi wani. Ya zaɓi samfurin Schneider mai lamba LRD22, wanda ke ɗaukar amfiya 16 zuwa 24. A nan ne na fara samun abin ƙorafi, domin ba shi da shi a shago, kuma ya ƙi amincewa da waɗanda yarona ya samo a cikin gari, ya ce bai yarda da ingancinsu ba saboda jabun kayan wuta sun yi yawa, wasu ma kwalinsu ya fi na asali sheƙi. Sai da aka aika Kano, aka yi kwana uku injin yana tsaye. Ban ce bai yi gaskiya ba, amma mutumin da wannan ce sana'arsa ya kamata a ce yana ajiye da irin waɗannan ƙananan kaya da ake yawan nema, ko da guda bibbiyu ne.

Ranar da kayan suka iso, kafin ya ɗaura sabon sai ya fasa tsohon da sukudireba ya nuna mini cikinsa, kuma wannan na daga cikin abubuwan da suka sa na ga kuɗina bai tafi a banza ba. A ciki akwai 'yan falle uku na ƙarfe, ɗaya ga kowane fes, wato kowane ɗaya daga layukan wuta uku da ke shiga moto, kowanne an yi shi ne da ƙarfe iri biyu da aka manne baya da baya, waɗanda ba sa miƙewa daidai da juna idan sun ji zafi. Wutar da moto ke ja tana bi ta jikinsu tana ɗumama su, idan ta wuce ƙima sai fallen ya lanƙwashe a hankali har ya ture wani ɗan harshe, harshen ya buɗe mahaɗar da aka rubuta wa 95 da 96, wutar da ke riƙe da kwantakta ta yanke, moto ya tsaya. Maɓallin lambobin da muke murɗawa ba ya ƙara wa moto ƙarfi ko kaɗan, nisan da fallen zai lanƙwasa kafin ya taɓa harshen kawai yake canzawa. Na so a ce duk masu kula da injina sun ga wannan da idonsu, domin da yawansu sun ɗauka cewa ƙara lamba kamar ƙara wa injin giya ne.

Ya kuma yi mini bayanin dalilin da ya sa na'urar ba ta katsewa nan take. Moto idan zai tashi kai tsaye yakan ja ninki shida zuwa takwas na abincinsa na yau da kullum na 'yan daƙiƙoƙi, saboda haka dole obalod ya kasance mai ɗan haƙuri, kuma gwargwadon haƙurin nan ne aka kasa su aji-aji a ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60947-4-1. Idan aka bi da wuta ninki 7.2 na abin da aka saita, ɗan aji 10A zai katse tsakanin daƙiƙa 2 zuwa 10, ɗan aji 20 tsakanin 6 zuwa 20, ɗan aji 30 kuwa tsakanin 9 zuwa 30. Manyan azuzuwan an yi su ne domin injina masu nauyin tashi, irin masu babban gargare da ke daɗewa kafin su kai cikakken gudu. Ya sa aka tayar da motona babu kaya a ciki yana duba agogo, ya ga tashinsa bai kai daƙiƙa goma ba, ya ce 10A ɗin da ya sayo ya wadatar. A ɓangaren ƙaramin wuce ƙima kuwa, ƙa'idar ta ce idan wuta ta haura da kashi 5 cikin 100 bai kamata na'urar ta katse a cikin awa biyu ba, amma idan ta haura da kashi 20 wajibi ne ta katse kafin awa biyu su cika. Wannan ne amsar da ya ba ni lokacin da na roƙe shi ya ɗan ƙara lamba ɗaya ko biyu saboda tsaro: ya ce rangwamen yana nan a cikin ƙirar na'urar, duk abin da na ƙara a kai daga rayuwar koyil na ciro shi.

Da aka ɗaura aka saita a kan 17, sai ya ce a zuba shanshera kamar yadda aka saba, ya kama wayoyin ɗaya bayan ɗaya da mitar nan mai baki kamar ƙaguwa. A babban layi ya samu 26, 27 da 26, a wayoyin da ke ratsa obalod kuma tsakanin 15 da 16. Ya bar injin yana aiki kusan awa ɗaya, yana zaune a kan benci yana shan ruwan leda, lokaci-lokaci ya tashi ya sake aunawa ya ɗora bayan hannunsa a jikin moton. Wannan zaman awa ɗayan, a ganina, shi ne bambancinsa da waɗanda na saba kira, masu ɗaure waya su ga fanka ta juya su miƙo hannu.

Akwai wani ɗan maɓalli da ake juyawa tsakanin harafin H da harafin A, wanda ban taɓa lura da shi ba. Idan yana kan A, na'urar za ta mayar da kanta da zarar fallayen sun huce, idan kuwa yana kan H sai mutum ya zo ya danna da hannu. Ya mayar da duka obalod ɗin wurin kan H, ya kira mai kula da injin ya ce masa, "Malam, ka ɗauka injin ya tsaya, yaro ya sa hannu yana zaro abin da ya maƙale a bel, sai moto ya tashi da kansa. Me za ka faɗa wa mahaifiyarsa?" A wasu akwatunan yadda aka haɗa wayoyin ba zai bari moto ya tashi da kansa ba ko da na'urar ta koma, amma ya ce ba ya jingina hannun yaro da wannan, kuma ko ba don haɗari ba, mayar da hannu na tilasta wa mutum ya zo ya duba dalilin tsayawar. Daga nan ya rufe murfin roban da ke kan lambobin, ya zura siririyar waya a hujin da aka tanada ya murɗe ta, domin duk wanda ya taɓa a gane.

Moto na biyu, mai kilowat 7.5 da ke jan injin goge shinkafa, matsalarsa kishiyar ta farko ce, wato obalod ɗinsa ba ya barin a yi aiki. Farantinsa ya ce amfiya 15, yara sun murɗa shi zuwa 18, iyakar abin da yake da shi, amma duk da haka yakan katse sau uku ko huɗu a wuni. Mai kula da injin ya amsa da bakinsa cewa wani ya ba shi shawarar ya haɗe 95 da 96 da guntuwar waya a huta, kuma saura ƙiris ya aikata. Injiniyan ya auna ya samu 21, 22 da 22. Ya sa aka kashe, aka cire bel, ya juya sandar moton da hannu ya kara kunnensa, muka ji tana gurnani kamar ana niƙa tsakuwa. Boris, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da sandar ke juyawa a cikinsa, ya mutu, bel an ɗaure shi tamau kamar tsirkiyar baka, sannan ana buɗe wa injin maƙogwaro fiye da abin da zai iya haɗiya domin a gama da wuri. Ya kuma nuna mini ɗaya daga cikin kusoshin obalod ɗin da ya yi baƙi saboda bai ɗauru ba, ya ce sako-sakon waya kaɗai na iya haifar da zafin da zai ruɗi fallen ya katse ba tare da laifin moto ba. Bayan an canza boris, an sassauta bel, an ɗaure kusoshi, an kuma yi wa maƙogwaron alama da fenti inda ba za a wuce ba, awon ya sauko 13 zuwa 14, aka mayar da lambar kan 15. Moto na uku ƙarami ne, na fankar da ke hure ɓuntu, ya same shi daidai bai taɓa shi ba, kuma bai sa shi a lissafin kuɗi ba.

Wani abin da na yaba shi ne bai sayar mini da na'urar a matsayin maganin kowace cuta ba. Ya ce obalod wuta kawai yake ji, ba ya jin zafin jikin moto. Ya cire murfin fankar bayan babban moton, sai ga ɓuntu da ƙura sun toshe ragar sun daskare kamar tabarma, ya ce a haka moto zai iya gasuwa alhali amfiyarsa tana daidai, na'urar kuma ba za ta ce uffan ba. Galibin motoci irin waɗannan an ƙera su ne a kan zafin wuri da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a Katsina a watan Afrilu da Mayu ko a inuwa akan haura haka, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Rufin wayar koyil mai aji F yana jure digiri 155, amma abin da masu sana'ar suka sani shi ne duk ƙarin digiri 10 a kan ƙima yana raba tsawon rayuwarsa biyu. Saboda haka ya sa aka buɗe taga a bangon da ke bayan moton, ya kuma ɗora wa yara aikin share ragar fanka kowace safiya, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke shiga ko'ina. Haka nan ya ce idan wayoyi suka haɗu suka yi tartsatsi, wannan ba hurumin obalod ba ne, aikin fiyus ne ko bireka, ya duba nawa ya ga sun dace.

Sai batun fes, wanda duk mai injin a ƙasar nan ya san zafinsa. Idan fes ɗaya ya ɗauke moto yana cikin gudu, ba ya tsayawa, sai ya ci gaba da gunji a kan biyun da suka rage, wutarsu ta haura zuwa wajen ninki 1.7. Sabon obalod ɗin yana da ƙirar da ke gane cewa falle ɗaya ya huce biyu suna zafi, ya yi saurin katsewa. Amma akwai rashin daidaito da bai kai ɗaukewa ba, inda bambancin kashi 1 cikin 100 a boltej kan haifar da bambancin kashi 6 zuwa 10 a wutar da koyil ke ja, don haka ya ba ni shawarar in ƙara wata 'yar na'ura mai gadin fes, wadda ke hana kwantakta kamawa idan layukan uku ba su daidaita ba ko an juya jerinsu, abin da kan faru idan aka koma kan janareta bayan an yi masa gyara. Na saya daga baya, kuma ban yi da-na-sani ba.

Inda aikin ya gaza a idona wuri uku ne, ban da jiran kaya daga Kano. Na farko, lokaci: ya ce ƙarfe tara na safe, bai iso ba sai bayan azahar, kuma haka ya sake yi a zuwa na biyu, wayarsa tana ta ƙara ba ya ɗauka. Na biyu, gwajin da ya yi wa na'urar bai wuce danna maɓallin gwaji ba, wanda shi da kansa ya ce mahaɗar 95 da 96 kawai yake tabbatarwa, ba ya nuna ko fallayen za su lanƙwasa a daidai lokacin da ya kamata. Cikakken gwaji sai da injin da ke tura wuta mai ƙima ta cikin na'urar ana duba agogo, shi kuwa ba shi da shi. Na ji daɗin gaskiyar da ya faɗa, amma shagon da ke karɓar aikin masana'antu ya kamata ya mallaki wannan. Na uku, bai yi niyyar bar mini komai a rubuce ba, sai da na matsa sannan yaronsa ya kwafe lambobin a takarda, wato abin da farantin kowane moto ya ce, da abin da aka auna, da inda aka saita, muka manna ta da salatif a cikin murfin akwatin. Kuɗin aikinsa ya fi na masu gyaran unguwa nesa ba kusa ba, kuma ba ya son ciniki, sai dai idan na haɗa ladansa da kuɗin sabon obalod da boris, duka ba su kai rabin abin da na biya a naɗin koyil sau ɗaya ba.

Yau wata bakwai ke nan da yin aikin, kuma babban moton ya tsaya sau uku. Na farko wani guntun ƙarfe ne ya biyo shanshera ya cije injin, na biyu fes ɗaya ne ya ɗauke da yamma kafin in sayi mai gadin fes, na uku kuwa sabon yaro ne ya buɗe maƙogwaro har ƙarshe. A kowane karo an jira 'yan mintoci na'urar ta huce, an nemo dalili, an danna maɓalli, an ci gaba da casa. A karo na ukun mai kula da injin ya kira ni a waya yana cewa masu kaya sun yi layi, ko in ba shi izini ya tsinke wayar murfin ya ɗan ƙara lamba zuwa magariba kawai. Na ce ya rage wa injin abinci ya bar murfin yadda yake, kuma da na je washegari na tarar da siririyar wayar tana nan a murɗe. Injiniyan ya ce zai dawo a farkon Maris, kafin zafin bazara ya kankama, ya sake auna motocin uku ya ɗaure kusoshi, ni kuma na riga na shirya cewa idan ya ce tara na safe, sai bayan azahar zan sa a dafa masa shayi.